Linux ko Windows: abin da zai riƙe ka idan ka tashi ƙaura

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su mutu ba, suna tashi kamar kullum, sai dai an daina aiko musu da facin tsaro, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Hanyar da kamfanin ya nuna wa jama'a ita ce Windows 11, ita kuwa tana da sharuɗɗa: dole kwamfuta ta kasance da na'urar tsaron nan da ake kira TPM 2.0, kuma firosesarta, in ta Intel ce, ta zama daga zubi na takwas zuwa sama. Sai ka ga kwamfutar da aka saya a 2016, allonta garau, madannanta duk suna amsawa, amma an ce ba ta cancanta ba. Daga nan ne mutanen da ba su taɓa damuwa da sunan Linux ba, wato wata babbar manhajar da ke gudanar da kwamfuta kamar Windows, suka fara tambayar ko za ta iya riƙe musu aikinsu.

Za ta iya, kuma waɗanda za ta wadatar sun fi yadda ake zato yawa. Amma hukuncin yana hannun abubuwa uku: manhajojin da kake neman abinci da su, fayilolin da kake musaya da mutane, da na'urorin da kake jonawa a jikin kwamfutar. Wanda ya binciki waɗannan ukun da gaskiya ya san amsarsa tun kafin ya sauke komai.

A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar Linux, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta. Aka haɗa ta da kayan aikin GNU, shirin da Richard Stallman ya soma a 1983. Lasisinsu ya ba kowa damar duba yadda aka rubuta manhajar, ya gyara, ya raba, da sharaɗin abin da ya gyara ya raba shi ma ya bar shi a buɗe. Shi ya sa babu Linux guda ɗaya da za ka je ka ɗauko. Akwai Debian tun 1993, akwai Ubuntu da kamfanin Canonical ya fitar a 2004, akwai Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu, akwai Fedora, akwai wasu ɗaruruwa. Masoya Linux suna alfahari da wannan yawa, ni kuwa ina ganin shi ne abu na farko da ke korar baƙo. Mutum ya zo neman mafita an tare shi da muhawarar da ba tasa ba. In kai sabo ne, ɗauki Mint ko Ubuntu ka toshe kunnenka. Duk kwatancen da zan yi a nan da su nake yi.

Ƙarfin Linux ba abin musu ba ne. Tun Nuwamba 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk a kanta suke. Android da ke cikin wayoyi a kan zuciyarta aka gina ta. Amma a kan teburin ofis da na gida, ƙididdigar StatCounter ta 2024 ta ba ta kusan kashi 4 cikin 100, Windows kuma wajen kashi 70. Dalilin mai sauƙi ne. Mutane kwamfuta suke saya, babbar manhajar da ke ciki kuwa tararwa suke yi, kuɗin lasisinta an riga an cusa shi cikin kuɗin na'urar. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: masu rubuta manhaja suna bin inda jama'a suke, jama'a kuma suna zama inda manhaja take.

Mu wuce wurin da babu gardama da sauri. Lissafa abin da ka yi da kwamfutarka a makon da ya wuce. Idan duk a cikin burauza ne, imel, YouTube, Google Docs, WhatsApp, shafin banki, to ka riga ka bar Windows ba ka sani ba. Firefox da Chrome suna da na Linux, har Edge na Microsoft ma yana da shi, haka Zoom da VLC. Ga irin wannan mutum Mint ta ma fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura. Windows 11 tana neman aƙalla gigabait 4 na RAM da 64 na ma'aji, Mint kuwa tana tashi da gigabait 2 da 20, ko da yake da 4 ne za ka ji daɗinta. Kada dai a ruɗe ka da cewa tana ta da matacce. Burauzar zamani da shafuka ashirin a buɗe tana cin RAM iri ɗaya ko ina take. Mint 22 tana da tallafin tsaro har 2029, wanda ya isa tsohuwar kwamfuta ta ƙarasa kwanakinta cikin mutunci.

Takardun ofis ne wurin da ake fara jin jiki. Word da Excel da PowerPoint na girkawa babu su a Linux. Abin da ke akwai shi ne LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana da Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatarwa. Tana buɗe fayilolin Microsoft, tana kuma adanawa a tsarinsu. In kai kaɗai kake rubuta abinka ka buga, ba za ka rasa komai ba. Matsalar tana zuwa ne ranar da takarda ta fara yawo tsakaninka da wasu.

Ɗauki misali. An aiko maka da fom mai shafi goma sha biyu, an tsara shi a Word da salon haruffan Calibri. Calibri mallakar Microsoft ne, ba ya zuwa da Linux. Da ka buɗe, sai manhajar ta maye gurbinsa da wani salon da faɗin haruffansa ya bambanta da ɗan abin da ido ba ya gani. A layi ɗaya ba komai ba ne. Amma kalmar ƙarshe ta sauka layi na gaba, sakin layin ya ƙaru, teburin shafi na huɗu ya rabe biyu, wurin sa hannu ya tsinci kansa shi kaɗai a shafi na goma sha uku. Ka cike ka mayar, wanda ya aiko ya ɗauka kai ka ɓata masa takarda. Maganin wannan sananne ne: ka girka Carlito, wanda aka ƙera da faɗin Calibri daidai, da Caladea a madadin Cambria. Na Arial da Times New Roman kuwa Liberation ne, galibi yana nan tun farko. Duk takardar da ba za a sake taɓawa ba kuma ka tura ta a PDF. Da wannan yawancin rikicin yake kwanciya.

Wanda ba ya kwanciya shi ne na Excel. Teburin lissafi na yau da kullum Calc za ta buɗe shi lafiya. Amma fayil ɗin da wani ya shekara biyar yana gina shi, cike da ƙananan umarnin VBA da ke sa Excel yin aiki da kansa, yana janyo bayanai daga wasu fayilolin, wannan wani lokaci zai yi aiki wani lokaci ya tsaya, kuma mafi muni shi ne ya yi kamar yana aiki. Office na cikin burauza yana buɗewa a Linux, sai dai bai da duk abin da na girkawa yake da shi, kuma ba ya gudanar da VBA. Akanta da ke rayuwa cikin irin waɗannan fayiloli ya zauna inda yake, ba abin kunya ba ne.

Haka batun yake ga manhajojin sana'a. Photoshop, Illustrator da Premiere na Adobe babu su a Linux, AutoCAD ma babu. Za a ce maka ai akwai GIMP, Inkscape, Krita da Kdenlive. Gaskiya ne suna nan, kuma ana yin aiki mai kyau da su. Blender ta zanen 3D ma dai ta wuce matsayin madadi, ƙwararru suna zaɓar ta da kansu, DaVinci Resolve ta gyaran bidiyo kuma tana da ta Linux. Amma wanda hannunsa ya shekara goma a kan Photoshop, wanda abokan aikinsa ke turo masa fayil su jira ya dawo da shi da kowane sashe a inda suka bar shi, ba sunan manhaja yake nema ba, saurinsa yake tsoron rasawa. An ce sabo turken wawa, to amma a nan sabon shi ne jarin. Akwai Wine, wadda tun 1993 ake gina ta don ta gudanar da manhajojin Windows a kan Linux. Tana yin abin mamaki da tsofaffi da ƙananan manhajoji, sai dai ba zan ɗora abincin gidana a kanta ba. Kada kuma ka manta da ƙananan abubuwan da ba a tuna su sai ranar bukata: manhajar sa ido a jarrabawar intanet, ta sabunta wata na'ura, ta biyan albashi da ofis ya saba da ita. Da yawansu Windows kaɗai suka sani, wasu da Mac.

Sai na'urori. A nan abin ya kasu biyu ta yadda zai ba ka mamaki. Yawancin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta yi aiki da kowace na'ura, suna cikin zuciyar Linux tun asali, don haka sau da yawa kana gama girkawa komai na aiki, ba ka nemo ko ɗaya ba. Kayan Intel da AMD galibi haka suke. Katin hoto na Nvidia yana son direban kamfaninsa, wanda Mint da Ubuntu suke nuna maka ka danna. Inda ake cije wa shi ne wasu katunan wayafai, na'urar karanta zanen yatsa, da yadda laftof ke barci idan an rufe murfi. Batir ma a wasu na'urorin ba ya kai wa inda yake kai wa a Windows, domin kamfanin da ya ƙera su Windows ya yi wa gwaji.

Firinta ta taɓa koya mini darasi. Sababbin firintocin da ke hawa wayafai Linux tana gano su da kanta cikin daƙiƙu, ba direba ba komai, har na fara tunanin an wuce zamanin wannan wahala. Sai na jona wata tsohuwa mai waya da nake da ita. Kwamfuta ta gan ta, ta rubuta sunanta daidai, na tura shafi, fitila ta ƙifta sau biyu, shiru. Na tura na biyu, shiru. Na kwashe yammaci guda ina kwafo umarni daga zaurukan intanet ina liƙawa a baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, rabinsu ban fahimci abin da suke yi ba. Daga ƙarshe ɓangaren bugawa ya tashi, na ɗaukar hoton takarda kuwa har na rabu da ita bai taɓa motsi ba. Da na gwada ta kafin na girka, da na san da abin da zan shiga.

Wasannin kwamfuta sun canja labari. Tun da kamfanin wasanni na Valve ya fitar da Proton, manhajar da ke gudanar da wasannin Windows a Linux, a 2018, sannan na'urar wasa ta hannu Steam Deck a 2022, dubban wasannin Windows suna tafiya a Linux. Waɗanda suka ƙi su ne wasu na gasa ta intanet masu tsarin hana maguɗi mai tsauri, irin su Fortnite da Valorant. In ɗayansu ne naka, magana ta ƙare.

Tsaro ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne kowane ɓangare yake ƙara gishiri. A Mayun 2017 manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta durƙusar da asibitoci da dama a Birtaniya. Ramin da ta bi Microsoft ya riga ya toshe shi tun watan Maris, waɗanda ta ci su ne waɗanda ba su ɗora facin ba ko kuma suke kan tsohuwar Windows da aka daina kula da ita. Wannan ne ainihin haɗarin zama a Windows 10 bayan wa'adi, kuma a ganina shi ne zaɓi mafi muni cikin duk waɗanda ke gabanka. Windows 11 da ake sabuntawa, da manhajar kariyarta ta Defender a kunne, ba abin rainawa ba ce.

Linux tana da fifiko biyu na zahiri. Manhajoji daga rumbu ɗaya da aka tantance ake ɗauko su, ba a yawon shafuka ana danna duk maɓallin da ya ce a sauke, kuma sabuntawa ɗaya take gyara tsarin da manhajojin gaba ɗaya. Na biyu, masu amfani da ita a tebur kaɗan ne, ɓarawo kuwa inda taro yake yake zuwa. Amma buɗe rubutun manhaja ba laya ba ce. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne ma, ya lura shiga wata na'urarsa ta nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. An kama abin kafin ya isa manyan nau'o'in da jama'a ke amfani da su. Masoya Linux suka ce kun ga amfanin buɗewa, masu suka suka ce kun ga yadda duniya ta rataya a wuyan 'yan sa-kai ƙalilan. Dukansu sun faɗi gaskiya. Saƙon yaudara da ke neman lambar sirrinka kuwa bai damu da wace manhaja kake kai ba.

Akwai kuma batun wa ke da iko da na'urar. Windows 11 ta gida tana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen saitin farko, tana tallata hajojin kamfanin a cikin menu, kuma tana da nacin sake tashi don sabuntawa. Mint ba ta neman asusu, ba ta talla, sabuntawa kuma sai ka ce a yi. Ga wasu wannan kaɗai ya isa dalili. Kuɗin da ake biya a madadinsa shi ne ƙarancin mai taimako. Windows ta lalace, kusan duk mai gyaran kwamfuta ya san ta. Linux ta lalace, sau da yawa kai ne mai gyaran, malaminka kuma zauren intanet. Ba kullum ake bukatar rubuta umarni ba, mutum zai iya wata da watanni bai buɗe baƙin allon ba, amma ranar matsala can za a tura ka.

Mac ba ta cika shiga wannan lissafi ba, tun da ba a sayen macOS sai da na'urar Apple. Tana da Office da Adobe, batirinta tun zuwan firosesar M1 a 2020 yana daɗewa ƙwarai, kuma ƙarfe da manhaja gida ɗaya suka fito, don haka rikicin direba kaɗan ne. Wanda ke da sabuwar Mac ba shi da dalilin ƙaura, ɗora Linux a kan waɗannan firosesoshi ma har yanzu aikin 'yan sa-kai ne na Asahi Linux. Tsohuwar Mac mai Intel da Apple ya daina sabuntawa ita ce ke shiga sahun waɗanda Linux za ta ƙara wa kwana.

Hukumomi sun gwada abin da girma, kuma labarinsu yana da amfani ga mutum ɗaya. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, har shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa ya gana da magajin gari, Christian Ude. Zuwa 2013 an mayar da kwamfutoci kusan 15,000. A 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Har yau ana jayayya kan ko matsalar fasaha ce ko siyasa, amma cikin koke-koken ma'aikata akwai musayar takardu da wasu hukumomi da manhajojin da Windows kaɗai suka sani. Jandarmomin Faransa kuwa hanya dabam suka bi. Zuwa 2005 sun sauya Office da OpenOffice alhali suna kan Windows. A 2006 suka koma Firefox da Thunderbird ta imel. Sai a 2008 suka yanke shawarar komawa Ubuntu, suka yi nasu nau'in mai suna GendBuntu, wanda ya kai ga dubun-dubatar kwamfutoci. Ranar da aka sauya babbar manhajar, ma'aikaci ya zauna ya tarar da kayan aikin da ya riga ya saba da su. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ta sanar a 2024 za ta mayar da kwamfutoci 30,000, ita ma da LibreOffice ta fara.

Wannan tsari nake ba kowa shawara ya kwaikwaya. LibreOffice, GIMP, Thunderbird, Inkscape duk suna da na Windows. Girka su yau a kwamfutarka yadda take, ka yi wata guda da su kaɗai, da ainihin takardun aikinka. Duk ranar da ka ga dole ka buɗe tsohuwar manhaja, rubuta dalilin. In wata ya ƙare takardar babu komai, ɗalibi ne kai, ko marubuci, ko mai harkar intanet, ko mai rubuta manhaja, to tashi ka koma. In abu ɗaya ne a rubuce kuma na sau ɗaya a wata, ka ajiye Windows a gefe don shi. In kuwa abin da ke rubuce shi ne sana'arka, nemi na'urar da za ta ɗauki Windows 11, tsohuwar ka sa mata Mint ta zama ta biyu.

Gwajin na'ura kuma bai fi awa ɗaya ba, gani ya kori ji. Sauke Mint daga shafinta, ka rubuta ta a filas mai gigabait 8 da Rufus ko balenaEtcher. Kashe kwamfutar, jona filas ɗin, kana kunnawa ka danna maɓallin zaɓen tashi, galibi F12 ko Esc ne, ya danganta da kamfani. Mint za ta buɗe daga filas ɗin ba tare da ta taɓa ma'ajinka ba. Za ta ɗan yi nauyi, wannan laifin filas ne. Hau wayafai, kunna bidiyo ka ji sauti, buɗe kyamara, jona abin kunne na Bluetooth, rage hasken allo, rufe murfi ka buɗe ka ga ko za ta farka, sannan ka buga shafi ɗaya a firintarka, ka kuma gwada ɓangaren ɗaukar hoton takarda.

In ka zaɓi ajiye Windows da Linux a na'ura ɗaya, kwafe fayilolinka zuwa wani ma'aji tukuna, domin raba ma'aji aiki ne da kuskure ɗaya ke shafe komai. Kashe saitin tashi da sauri na Windows, in ba haka ba Linux za ta iya ƙin rubutu a ɓangaren Windows. Sannan ka duba ko an kulle ma'ajin da BitLocker, makullin ma'aji na Windows, sababbin kwamfutoci da yawa a kulle suke zuwa mai su bai sani ba. In a kulle yake, shiga asusunka na Microsoft ka nemo mabuɗin ceto mai lamba 48, ka rubuta shi a takarda kafin ka taɓa saitin tashi, don Windows tana iya tambayarka shi a tashi na gaba.